Neman wurin ya da zango a Moab, ƙaramin garin da baƙi suka fi 'yan gari yawa

Da la'asar sakaliya a cikin watan Afrilu, a kan hanya mai lamba 128 wadda ta bi gaɓar Kogin Colorado a gabashin Jihar Utah ta Amurka, akan ga jerin motoci suna tafiya sannu a hankali. Wasu ƙanana ne ɗauke da tanti da buhunan barci, wasu kuwa manya ne masu ɗaki da gado da madafa a ciki, irin waɗanda Amurkawa ke kira RV. Direba zai ratse ya shiga wani zango, ya zagaya, ya tarar kowane gurbi da mai shi, sai ya fito ya nufi na gaba. Kafin rana ta faɗi bayan jajayen duwatsun da suka saka kogin a tsakiya, da yawa daga cikinsu sun leƙa zango biyar ko shida ba su dace ba.

Dukkansu kuwa garin Moab ne ya jawo su. Ƙidayar shekarar 2020 ta nuna cewa mazauna garin ba su wuce mutum 5,400 ba, amma gandun shaƙatawa na Arches da ke kilomita takwas kacal daga arewacinsa ya karɓi baƙi kimanin miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas a shekarar 2021 kaɗai. Saboda haka tambayar da ke gaban duk mai niyyar zuwa ita ce inda zai kwana, kuma amsarta ta shafi lafiyarsa da aljihunsa, ta kuma shafi ƙasar da zai kafa tantinsa a kai.

Daga garin ma'adinai zuwa garin baƙi

Moab yana kan hanya mai lamba 191, tafiyar kusan sa'a huɗu a mota daga birnin Salt Lake City, wato kimanin kilomita 370. Tun kafin zuwan Turawa, 'yan asalin ƙasar ne ke zaune a yankin, cikinsu har da ƙabilar Ute wadda jihar ta samo sunanta daga gare ta, kuma har yau ana ganin zanen da mutanen dā suka sassaƙa a jikin duwatsu. A shekarar 1950 mutanen garin ba su kai 1,300 ba, galibinsu manoma da makiyaya. A wannan shekarar ce aka fitar da fim ɗin kaboyi mai suna Rio Grande, wanda John Ford ya shirya tare da John Wayne, kuma a gaɓar kogin nan aka ɗauki yawancin hotunansa.

Al'amura sun canja a shekarar 1952, lokacin da wani masanin duwatsu mai suna Charlie Steen ya gano ma'adinin yuraniyum mai yawa a kudu maso gabashin garin. Cikin shekara goma jama'ar garin suka ninka fiye da sau uku. Daga bisani kasuwar yuraniyum ta faɗi, masana'antar sarrafa shi ta rufe a shekarar 1984, mutane da dama suka kwashe kayansu suka bar gidaje babu kowa. Abin da masana'antar ta bari shi ne tulin dusar ma'adini mai guba, kimanin tan miliyan 16, a bakin kogi, wanda gwamnatin tarayya ta fara kwashewa a jirgin ƙasa a shekarar 2009.

Abin da ya farfaɗo da garin shi ne duwatsun da ke kewaye da shi. An kafa gandun Canyonlands a shekarar 1964, shi kuwa Arches, wanda ke da bakan dutse fiye da dubu biyu da ruwa da ƙanƙara suka ƙwaƙule, an fara kare shi tun 1929, aka ɗaga matsayinsa ya zama gandun ƙasa a 1971. Masu kekunan hawa dutse, da masu motocin jif, da masu tuƙa kwale-kwale suka mayar da wurin mahaɗarsu.

Sanin mai ƙasa kafin kafa tanti

Abu na farko da baƙo ya kamata ya fahimta shi ne, filayen da ke kewaye da Moab ba hukuma ɗaya ke riƙe da su ba, kuma kowace da dokarta. Akwai Hukumar Gandayen Ƙasa mai kula da Arches da Canyonlands. Akwai gwamnatin jiha mai nata gandun. Akwai Hukumar Kula da Filayen Tarayya, wadda aka fi sani da BLM, wadda aka kafa a 1946, kuma ita ce ke da mafi yawan filayen yankin. Akwai Hukumar Dazuzzuka a kan tsaunukan La Sal. Sannan ga 'yan kasuwa masu nasu zango a cikin gari. Wanda bai san wannan rabe-rabe ba yana iya kafa tanti a inda yake zaton daji ne marar mai shi, da safe ya wayi gari da takardar tara a jikin gilashin motarsa. A cikin garin kansa kuwa, doka ta hana kwana a mota ko kafa tanti a gefen titi ko wurin ajiye motoci, sai a zangon da aka amince da shi.

A cikin gandun Arches zango ɗaya ne tak, sunansa Devils Garden, yana can ƙarshen hanyar gandun, kimanin kilomita 29 daga ƙofar shiga. Gurbi 51 gare shi a tsakanin duwatsu da itatuwan daji, akwai ruwan sha da bayan gida, amma babu wutar lantarki ko bututun da motar-gida za ta jona. Daga ranar 1 ga Maris zuwa 31 ga Oktoba sai an kama gurbi tun da wuri ta shafin intanet na gwamnati mai suna Recreation.gov, kuma ana buɗe rajistar ne wata shida kafin ranar. Sau da yawa guraben watannin Afrilu da Mayu da Oktoba kan ƙare jim kaɗan bayan buɗewa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuwa wanda ya riga zuwa shi ke samu. A shekarar 2022, saboda cunkoson da kan sa a rufe ƙofa tun da hantsi, hukumar gandun ta fara gwada tsarin ba kowace mota lokacin shigarta, sai dai an ɗauke wa masu gurbi a Devils Garden wannan sharaɗi. Tsarin yana canjawa daga shekara zuwa shekara, don haka ya dace a duba shafin gandun kafin a kama hanya.

A Canyonlands, ɓangaren da ya fi kusa da gari shi ne Island in the Sky, tafiyar kimanin kilomita 50. Zangonsa mai suna Willow Flat gurbi 12 ne kawai, ba a kama shi a gaba, kuma babu ruwa. Ɗaya ɓangaren, wato Needles, yana da gurbi 26 na ɗaiɗaiku, amma yana da nisan kusan kilomita 120 a kudu, saboda haka ba wurin da za a garzaya ba ne bayan magariba.

Ga mai motar-gida da ke buƙatar wutar lantarki ba tare da ya shiga hayaniyar gari ba, gandun jiha na Dead Horse Point ya fi dacewa. Yana kan wani tudu da ya tsaya kimanin mita 600 a saman Kogin Colorado, yana da zango biyu, Kayenta da Wingate, waɗanda galibin gurabensu ke da wurin jona wuta. Shi ma sai an kama gurbi tun da wuri. Sunan wurin yana nufin tsinin mataccen doki. Labarin da ake bayarwa shi ne, makiyayan dā sun kasance suna kora dawakin daji zuwa kan tudun, su toshe ƙunƙuntar mashigarsa da ƙirare, su zaɓi waɗanda suke so. Wata rana aka bar sauran a tsare, ƙishirwa ta kashe su suna hangen kogi a ƙasa. Ko da tatsuniya ce, darasinta yana nan: har yanzu a mota ake kai ruwa kan tudun, kuma ana son mai motar-gida ya cika tankinsa tun daga gari.

Zangon bakin kogi

Mafi yawan masu tanti suna ƙarewa ne a zangunan BLM, waɗanda sun haura talatin a kewayen garin. A kan hanya mai lamba 128 akwai Goose Island, da Grandstaff, da Hal Canyon, da Oak Grove, da Big Bend, da Hittle Bottom, har zuwa Dewey Bridge. A ɗaya gefen, kan hanya mai lamba 279 da ake kira Potash Road, akwai Jaycee Park da Williams Bottom da Gold Bar. A kan hanya mai lamba 313 mai zuwa Canyonlands akwai Horsethief, wanda ke da faɗi sosai kuma yana ɗaukar manyan motoci. A kudancin gari akwai Ken's Lake a bakin wani ƙaramin tafki. Sai kuma Sand Flats, can saman gari ta gabas, mai gurbi fiye da ɗari, wanda BLM da ƙaramar hukumar Grand suke gudanarwa tare tun 1995.

Tsarin waɗannan wurare kusan iri ɗaya ne. Kowane gurbi yana da teburi da murhun ƙarfe, akwai masai na rami wanda ake kwashewa, amma galibi babu ruwan sha, babu wuta, babu wurin wanka. Kuɗinsu bai kai na 'yan kasuwa ba ko kusa, kuma ba a yarda mutum ya wuce kwana 14 ba. Wasu 'yan kaɗan ana iya kama su ta intanet, amma yawancinsu na wanda ya riga zuwa ne.

A nan ne dabara take. Masu barin zango sukan naɗe kayansu ne da safe, tsakanin ƙarfe takwas da sha ɗaya. Wanda ya iso a wannan lokaci, musamman ranar Litinin zuwa Laraba, yana da kyakkyawar dama. Wanda ya iso ranar Juma'a da yamma kuwa ya makara, domin ko ya yi sammako, wani a tafe ya kwana. Matafiya da suka saba sukan kama ɗaki ko gurbin kuɗi a gari don daren farko, washegari da sassafe su fita neman gurbin bakin kogi. Yana da kyau kuma a sauke taswira a waya tun daga gari, ko a sayi ta takarda a ofishin ba da bayanai ga baƙi da ke tsakiyar Moab, saboda da zarar an shiga tsakanin duwatsu sadarwar waya kan yanke.

Mai babbar mota yana da ƙarin abin lura. Ba kowane gurbi ke ɗaukar mota mai tsawon mita goma ko sha biyu ba, wasu zangunan ma na masu tanti ne kawai, inda ake ajiye mota a ɗauki kaya a ƙafa. Tun kafin tafiya ya kamata direba ya auna tsawon motarsa tare da abin da take ja, ya san inda zai zubar da ruwan datti da na bayan gida, domin zubar da shi a ƙasa laifi ne. Injin ba da wuta shi ma yana da sa'o'in da aka ƙayyade masa, ba a kunna shi cikin dare.

Zangunan 'yan kasuwa suna jere a kan hanya mai lamba 191, a arewa da kudancin gari. Suna da wuta da ruwa da bututun datti a kowane gurbi, da wurin wanka da na wanki, wasu har da wurin ninkaya. Farashinsu yakan ninka na BLM sau biyu ko uku ko fiye a lokacin cunkoso, kuma motoci kan yi maƙil kusa da juna. Ga iyali masu ƙananan yara ko tsofaffi, ko waɗanda ba su taɓa kwana a tanti ba, nan ne ya fi sauƙin farawa.

Kwanan kyauta da abin da ya haifar

Shekaru da yawa an san filayen BLM da cewa mutum yana iya ratsewa ya kwana a inda ya ga dama ba tare da biyan ko sisi ba. Da jama'a suka yi yawa sai wannan 'yanci ya zama matsala. Motoci suka buɗe sababbin hanyoyi a inda babu, aka sassare 'yan itatuwan da ke akwai don hura wuta, bayan gida da takarda suka watsu a bayan duwatsu. A ƙasa mai ruwan sama kimanin milimita 230 a shekara, ƙazanta ba ta ruɓewa da sauri kamar yadda take yi a ƙasa mai dausayi.

Wannan ne ya sa hukumomi suka taƙaita kwanan kyauta a wurare da yawa kusa da gari, ya zama sai a guraben da aka kafa wa alama. Ƙaramar hukumar Grand kuma ta wajabta wa duk mai kwana a inda babu masai ya zo da abin bayan gida na tafi-da-gidanka, ko wata jaka ta musamman da ake sayarwa a shagunan gari, ya fita da ƙazantarsa zuwa wurin da aka tanada. Haka nan an hana tsintar itace; mai son wuta sai ya sayi itacensa, kuma idan fari ya tsananta da bazara akan hana hura wuta baki ɗaya.

Akwai kuma wani abu da baƙo ba zai kula da shi ba sai an nuna masa. A saman rairayin yankin akwai wani baƙin ɓawo mai ƙuraje-ƙuraje, wanda mutum zai ɗauka busasshiyar laka ce. A gaskiya rayayye ne, haɗakar ƙananan halittu da gansakuka ne da ke ɗaure rairayi don kada iska ta kwashe shi, suna riƙe danshi, suna kuma ba ƙasa taki. Sawun ƙafa ɗaya ko tayar mota kan farfasa shi, kuma yakan ɗauki gomman shekaru kafin ya koma yadda yake. Saboda haka ake roƙon mai tanti ya kafa shi a filin da aka riga aka share, ya yi tafiya a kan hanya, ko kan dutse, ko cikin busasshen kwari idan sama garau take.

Zafi, sanyi da ambaliya

Lokacin da ya fi daɗi shi ne daga Maris zuwa Mayu, da kuma Satumba zuwa Oktoba, kuma shi ne lokacin cunkoso. Makon bikin Ista ya fi kowane tsanani, domin a lokacin ne masu motocin jif ke taronsu na shekara-shekara wanda aka fara tun 1967. A watannin Yuni da Yuli da Agusta zafi kan haura digiri 38 a ma'aunin Selshiyas, tanti kan zama kamar tanda tun da hantsi. Hukumar gandaye tana ba da shawarar kowane mutum ya sha aƙalla lita huɗu na ruwa a yini, ban da na girki da wanke-wanke. A irin wannan lokaci masu wayo sukan haura tsaunukan La Sal, inda zango kamar Warner Lake yake a tsayin kusan mita 2,900, cikin inuwar itatuwa da iska mai sanyi. Sai dai waɗannan ba a buɗe su sai ƙanƙara ta narke.

Da hunturu kuwa gurbi ba ya wuya, amma sanyin dare kan sauka ƙasa da sifiri. A nan akwai haɗarin da ya kamata a ambata wa duk wanda ya tashi a gidan da ake shigar da kaskon wuta ɗaki lokacin ɗari: gawayi ko risho a cikin rufaffen tanti ko mota yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kuma kashe mutum cikin barci. Bargo mai kauri da shimfiɗar da za ta raba jiki da ƙasa su ne maganin sanyi.

Babban abin tsoro shi ne ruwa. Daga Yuli zuwa Satumba hadari kan taso farat ɗaya, kuma da yake dutse ba ya shan ruwa, duk abin da ya zubo kan gangara cikin kwaruruka a lokaci guda. Ana iya yin ruwan a nesa, inda mutum bai ma ga gajimare ba, sai kawai ya ji ƙugi. A ranar 20 ga Agustan 2022, rafin Mill Creek da ya ratsa garin ya cika ya batse, ruwa da laka suka mamaye babban titin Moab, suka shiga shaguna, suka lalata wani zangon masu tanti da ke bakin rafin. Ƙa'idar ita ce kada a taɓa kafa tanti a cikin busasshen kwari komai laushin rairayinsa, kada kuma a kutsa da mota cikin ruwan da ke gudu a kan hanya.

Matafiyi Musulmi yana da nasa shirin. Shagunan naman halal da masallatai suna Salt Lake City, don haka can ya dace a yi guzuri a zuba cikin akwatin ƙanƙara. Ruwan alwala sai a sa shi cikin lissafin jarkoki tun daga gari. Alƙibla daga Utah tana arewa maso gabas ne, ba gabas sak ba, kuma a tsakiyar bazara rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara saura.

Abin da 'yan gari ke ji

Kuɗin baƙi shi ne ke riƙe da Moab a yau, amma shi ne kuma ya sa gidaje suka yi tsadar da ma'aikatan otal da gidajen abinci da masu yi wa baƙi jagora ba sa iya biya. Wasu daga cikinsu a motocinsu suke kwana, suna neman gurbi a filayen da masu yawon buɗe ido ke nema. A shekarar 2019 majalisar garin da ta ƙaramar hukuma suka taka wa gina sababbin masaukan baƙi birki, don su sake nazarin yadda garin ke bunƙasa. Tun a shekarar 1968 marubuci Edward Abbey, wanda ya yi aikin gadin Arches a 1956 da 1957, ya yi gargaɗi a littafinsa Desert Solitaire cewa shimfiɗa kwalta cikin gandaye zai jawo tururuwar motocin da za ta canja wurin.

Duk da haka, da zarar dare ya raba aka kashe fitilu, wanda ya samu gurbi yakan ga abin da ya kawo shi. Ƙungiyar kare duhun dare ta duniya ta sanya Canyonlands cikin jerin wuraren da taurari suka fi bayyana a shekarar 2015, Dead Horse Point a 2016, Arches kuma a 2019. Da gari ya waye, sai mai gurbi ya kashe wutarsa da ruwa har toka ta huce, ya tattara shararsa, ya naɗe tanti. Kafin ya gama ɗaure kaya, wata motar ta riga ta tsaya a bakin hanya tana jiran ya fita.